Darasin Wata: Yadda Ake Rabuwa da Shaye-shaye, da Taimakon da Iyali Za Su Bayar

Darasin wannan wata a kan shaye-shaye ne. A da mutanen karkara sun ɗauka wannan matsala ce ta birni. Yanzu ta iso ƙauye. Ana samunta a gona, da tasha, da dandali, har da cikin gidajen aure. Da wuya a sami garin da ba a san gida ko ɗaya da abin ya taɓa ba.

Malamai sun sha yin wa'azi a kan illar kayan maye, kuma rigakafi ya fi magani. To, amma wanda ya riga ya kamu fa? Zai iya warkewa? Me ya kamata iyayensa su yi? Matar da mijinta ke sha, ina za ta sa kanta? Waɗannan tambayoyi ne darasin zai amsa. Ana so a karanta shi a aji, sannan a karanta wa mutanen gida.

YAWAN WAƊANDA ABIN YA SHAFA

A shekarar 2019 aka fito da sakamakon wani babban bincike. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta yi shi, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. An gano cewa mutum miliyan 14 da dubu 300 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha kayan maye a cikin shekara guda. Wato mutum ɗaya cikin bakwai ke nan. Ba a sa giya da taba sigari cikin wannan lissafi ba.

Masu shan wiwi sun fi yawa, su miliyan 10 da dubu 600. Masu shan tiramol da danginta miliyan 4 da dubu 600. Masu shan maganin tari don maye miliyan 2 da dubu 400. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi.

Wannan lissafi ya nuna cewa gidan da abin ya same shi ba shi kaɗai ba ne. Saboda haka kunya kada ta hana neman magani.

ME YA SA MAI SHA BA YA IYA BARI?

Mutane sukan ce, "Ai da ya ga dama da ya bari." Maganar ba ta cika daidai ba. Gaskiya ne ranar farko da ganin damarsa ya sha. Amma idan aka daɗe ana sha, jiki da ƙwaƙwalwa sukan saba. Ƙwaya ɗaya da ke isarsa a da, yanzu sai biyu, nan gaba sai huɗu. Idan bai samu ba, jikinsa ya ɗauki ciwo, barci ya ƙaurace masa, zuciya ta yi ƙunci. A lokacin nan daɗin ya riga ya ƙare. Yana sha ne don ya guje wa azabar rashin sha. Wannan shi ake kira kamuwa, kuma likitoci sun sa shi cikin jerin cututtuka.

Kowane manomi ya san yadda zaizayar ƙasa ke farawa. Ruwa yakan bi 'yar hanya ƙarama a gona. Kowace damina sai hanyar ta ƙara zurfi, har ta zama kwazazzabo. Daga nan duk ruwan da ya sauka, can zai nufa. Haka ƙwaya ke yi wa ƙwaƙwalwa. Gajiya ta zo, sai tunanin ƙwaya. Ɓacin rai ya zo, sai tunanin ƙwaya. Ana gyara kwazazzabo da buhunan yashi, da duwatsu, da dashen gamba. Amma ba a gama gyaran a damina ɗaya. Haka warkewa daga shaye-shaye take. Tana yiwuwa, amma tana son lokaci da hannu da yawa.

WANI MISALI

Ga misalin irin abin da ke faruwa a gidaje da dama. Wani manomi yana da ɗa saurayi. Yaron ya tafi cin rani birni, yana tura kurar ruwa. Abokan aikinsa suka ba shi tiramol, suka ce tana kashe gajiya. Da damina ta faɗi ya dawo gida. Yana noma kamar mutum biyu, kowa na yaba masa.

Bayan kaka sai aka fara ganin canji. Ya rame. Ba ya cin abinci sosai. Yana kwana ido biyu, da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi. Abu kaɗan sai faɗa. Ya bar abokansa na da. Rannan aka nemi damin gero biyu a rumbu aka rasa. Daga baya akuyar uwarsa ta ɓace.

Uban ya fusata, ya yi masa dūkan kawo wuƙa. Yaro ya gudu, ya yi kwana goma ba a san inda yake ba. Da ya dawo, sai shawara ta rabu uku. Wasu suka ce aljanu ne. Wasu suka ce a kai shi gidan mari. Wasu suka ce a yi masa aure, zai natsu.

Kawun yaron yana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Shi ne ya tsinci katin ƙwaya a ƙarƙashin tabarmar yaron, ya karanta lambar da ke jiki: 225. Ya kai wa ma'aikacin lafiya na garinsu. Ma'aikacin ya ce masa tiramol da aka amince a yi magani da ita a Nijeriya mai lamba 50 ce da mai lamba 100, su ma sai da takardar likita. Mai 225 ta ɓarauniyar hanya take shigowa. Ya ƙara da cewa tiramol mai yawa tana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga nan kawu ya gane ciwon da ke damun ɗan 'yar'uwarsa.

MATAKI NA FARKO: MAGANA

Ba a yi wa mutum magani da ƙarfin tsiya ya ɗore. Dole sai ya yarda, ko da kaɗan ne. Hanyar samun yardarsa ita ce magana mai kyau. Ga ƙa'idojinta:

1. A zaɓi lokacin da ba ya cikin maye. Magana da wanda ya bugu ɓata yawu ne, kuma tana iya jawo faɗa.
2. A keɓe. Kada a yi a gaban ƙannensa, ko matarsa da kishiyarta, ko baƙi.
3. A zaɓi wanda yake jin nauyinsa kuma yake sakin jiki da shi. Uba yakan ji kunyar ɗan fari. To, sai a sa kawu, ko baffa, ko gwaggo, ko kaka.
4. A faɗi abin da ido ya gani. Kada a kira shi ɗan ƙwaya, ko mashayi, ko ɓarawo.
5. A saurare shi. Kowane mai sha yana da abin da ya kai shi: aikin ƙarfi, ciwon jiki, rashin sana'a, mutuwar wani nasa, ko zaman gida marar daɗi.
6. Kada a sa ran zai amince ranar farko. Musu yana cikin ciwon. A bar ƙofa a buɗe, a sake komawa.

Haka kawun nan ya yi. Ya ja yaron zuwa gindin tsamiya bayan sallar asuba. Ya ce, "Ɗana, na ga ka rame, ba ka cin abinci, ba ka barci. Hankalin mahaifiyarka ya tashi, nawa ma haka. Ban zo faɗa ba. Gaya mini abin da ke damunka." Yaro ya ce, "Ba komai, Kawu." Kawu bai matsa masa ba. Sai a zama na uku yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi, Kawu, na yi ƙoƙarin bari har sau biyu. Idan na bari ji nake kamar zan mutu."

Iyaye su kiyayi yi wa ɗansu baki. Ya zo a hadisi cewa akwai wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Rannan wani ya la'ance shi. Sai Annabi ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da Manzonsa. An hukunta laifin, amma ba a yar da mutumin ba. Hausawa ma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

MATAKI NA BIYU: ASIBITI

Akwai kuskuren da ake yawan yi. Sai a kulle mai sha a ɗaki, a ce ya zauna har abin ya fita daga jikinsa. Wannan yana da haɗari, kuma haɗarin ya danganta da irin abin da yake sha.

Giya, burukutu da ogogoro: Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya tsaya kwatsam, hannunsa yakan fara rawa kafin kwana ɗaya ya cika. Yana iya faɗuwa yana jijjiga. A kwana na biyu ko na uku yana iya rikicewa, ya yi ta zufa, yana ganin abubuwan da babu su. Mutanen gida sai su ce iskoki ne. Ba iskoki ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba da shi. Wannan hali yana kisa. Irin wannan mutum, a asibiti ya kamata ya bari.

Ƙwayoyin sa barci, irin su baliyam da roci: Su ma ba a barinsu rana ɗaya. Likita ne zai riƙa rage su sannu a hankali.

Tiramol da kodin: Mai barinsu yakan ji ciwon gaɓoɓi, da hamma, da majina, da zufa, da amai, da gudawa, da rashin barci. Abin yakan yi tsanani a kwana biyu ko uku na farko. Yawanci yakan lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. A ba shi ruwa da yawa, da ruwan gishiri da sukari idan yana gudawa. Likita yana da magungunan da ke rage wahalar.

Wiwi: Mai barinta yakan yi saurin fushi, ya kasa barci, ya ƙi abinci, na mako ɗaya ko biyu. Idan ya fara surutai, ko yana zargin ana binsa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

A fara da asibitin da ke kusa. Ma'aikacin lafiya zai ba da takardar zuwa babban asibiti idan da bukata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano da na Shika a Zariya, suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wato NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. A 2022 ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman taimako: 0800 1020 3040.

Wasu suna ƙin zuwa, wai kada a ce ɗansu ya haukace. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. Mai ciwon ido yana zuwa wurin likitan ido. Wannan ciwo a ƙwaƙwalwa yake, shi ya sa ake zuwa wurin likitanta.

A asibiti za a duba jikinsa, musamman hanta idan mai shan giya ne. Za a taimake shi ya wuce kwanakin farko. Sannan a riƙa zama da shi ana koya masa dabarun kame kai. Wani za a kwantar da shi, wani zai riƙa zuwa daga gida. A faɗa wa likita gaskiyar abin da ake sha da yawansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kuma sani cewa fitar ƙwaya daga jiki somin-taɓi ne. Masana sun ce maganin da bai kai wata uku ba, amfaninsa kaɗan ne.

Addu'a da magani tare suke tafiya. A roƙi Allah, a nemi addu'ar malamai, a kuma je asibiti.

MARI DA BULALA BA SU WARKARWA

Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu gidan mari da kyakkyawar niyya, don sun rasa yadda za su yi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna. Sun fito da mutum fiye da 300, manya da yara. Da yawansu suna ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabon dūka. Bayan haka an rufe wasu gidajen irinsa a jihohin Arewa.

Sarƙa tana riƙe ƙafa, amma ba ta cire sha'awar ƙwaya daga zuciya. Wanda aka azabtar yakan fito da ƙullin iyayensa a rai. Baƙin cikin nan kuma shi ne ke sake tura shi ga sha. Duk inda za a kai mutum, a tambaya: Akwai likita? Ana barin dangi su ziyarce shi? Ana dūka? Idan an hana dangi ganinsa, kada a bar shi a wurin.

BAYAN AN DAWO GIDA

Nan ne babban aikin yake. Abubuwa huɗu ne suka fi mayar da mutum ruwa.

Na ɗaya, tsofaffin abokai. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Dole ya rabu da majalisar da ake sha. Amma kada a bar shi ba aboki. A haɗa shi da samarin kirki, ko ƙungiyar manoma, ko ajin yaƙi da jahilci, ko makarantar dare.

Na biyu, zaman banza. A nema masa abin yi tun kafin ya dawo: noman rani, kiwo, ɗinki, gyaran babur. Aikin ya zama daidai ƙarfinsa. Idan aikin ƙarfi ne ya kai shi ga ƙwaya, kada a mayar da shi ga irinsa nan da nan.

Na uku, kuɗi a hannu. Ranar kasuwa, da lokacin biki, da ranar da aka sayar da amfanin gona, ranaku ne masu haɗari. A watannin farko ya yarda wani amintacce ya riƙe masa kuɗinsa.

Na huɗu, halin da jiki da zuciya ke ciki. Yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya suna tayar da sha'awar sha. Ya ci abinci a kan lokaci, ya kwanta da wuri.

Sha'awar sha takan taso kamar guguwa. Tana zuwa da ƙarfi, amma ba ta daɗewa. Sau da yawa takan lafa kafin rabin awa. Idan ta taso, ya tashi daga inda yake. Ya yi alwala, ko ya sha ruwa, ko ya kama wani aiki, ko ya tafi wurin wanda ya san halin da yake ciki. Kowace guguwar da ya tsallake, ta gaba takan zo da sauƙi.

Mutanen gida su lura da ƙoƙarinsa. Idan ya yi mako bai sha ba, a yaba masa. A ci abinci tare da shi. Kada a riƙa yi masa gori da abin da ya wuce. Idan abu ya ɓace a gida, kada a fara nuna shi kafin a bincika.

IDAN YA KOMA FA?

Masu bincike a Amurka sun gano cewa cikin mutum 100 da aka yi wa magani, 40 zuwa 60 sukan sake sha. Haka masu hawan jini suke: ciwon yakan lafa, ya sake tashi, a koma wurin likita. Komawa ba ta nuna cewa magani ya ɓaci. Ta nuna akwai wata kafa da ba a toshe ba. A zauna a duba: Ina ya je? Da wa ya haɗu? Me ya ɓata masa rai? Sannan a koma asibiti da wuri.

Akwai gargaɗi mai muhimmanci a nan. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya manta da ƙwayar. Idan ya koma ya sha adadin da yake sha a da, tana iya kashe shi. A gaya masa wannan tun kafin ranar ta zo.

Yaron nan na misali ya yi wata huɗu lafiya. Ranar bikin wani abokinsa ya sake sha. Wannan karon uban bai ɗauki sanda ba. Washegari shi da kawu suka raka shi asibiti. Da rani ya yi, maimakon ya koma birni, sai aka yankar masa fili a fadama ya shuka albasa. Da ya sayar, da kansa ya sayi akuya ya kai wa uwarsa.

TAIMAKON DA KE CUTARWA

Wani tausayin yana ƙara wa ciwo ƙarfi. Uwa takan ba ɗanta kuɗi a ɓoye don kada ya yi sata. Mata takan yi wa mijinta ƙarya, ta ce zazzaɓi ne ya hana shi fita. Uba yakan biya bashin mai ƙwaya don rufin asiri. Duk wannan yana sauƙaƙa masa ci gaba da sha. A ba shi abinci, da sutura, da rakiya zuwa asibiti. Amma kada a ba shi tsabar kuɗi. Mutanen gida su haɗa baki a kan doka ɗaya, misali ba a shigo da kayan maye cikin gida. Kada a kafa dokar da ba za a iya tsayawa a kanta ba.

Sai batun aure. Aure ba maganin shaye-shaye ba ne. Nauyin iyali yana iya ƙara masa damuwa, ya ƙara sha. Yarinyar da aka aura masa ita za ta kwana a ciki. A yi magani tukuna, a ga ya tsaya da ƙafarsa. Idan maganar aure ta taso, a gaya wa iyayen yarinya gaskiya.

IDAN MACE CE

Mace mai shan kodin ko ƙwaya ta fi namiji ɓoyewa, don ta san za a fi tsangwamarta. Sau da yawa ƙawaye ne ke koya mata a wurin biki. Wata kuma baƙin cikin zaman aure ne, ko rashin barci bayan haihuwa. Miji kada ya yi gaggawar saki. Saki ba ya raba ta da kwalba, sai dai ya raba ta da 'ya'yanta. Ya nemi uwarta, ko yayarta, ko gwaggonta, a yi mata magana a asirce, a raka ta asibiti. Mai ciki ta gaya wa ma'aikaciyar awo abin da take sha, domin yana isa ga jariri. Kada ta bari kwatsam sai da shawarar likita.

MAI JINYA MA YA KULA DA KANSA

Zama da mai shaye-shaye yana gajiyar da zuciya. Uwa takan daina barci, tana cewa laifinta ne. Ta sani cewa akwai gidajen tarbiyya da yawa da wannan ciwo ya shiga. Ba wanda zai iya warkewa a madadin wani. Mai jinya ya sami wanda zai faɗa wa damuwarsa. A raba aikin tsakanin dangi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan mai sha yana dūka, ko ya ɗauki makami, haƙuri ya ƙare a nan. Mata da yara su koma wurin dangi, a sanar da mai unguwa ko hukuma. Kada a aiki yaro sayen ƙwaya ko giya. Kada a hau babur ko motar wanda ke cikin maye. Idan mai sha ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

TAIMAKON GAGGAWA

Idan aka sami mutum a kwance, an tashe shi bai tashi ba, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, to ransa yana cikin haɗari.

1. A kwantar da shi a gefensa, don kada amai ya shaƙe shi.
2. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko ruwa. Suna iya bin hanyar numfashi.
3. Idan yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni. Kada a sa masa cokali a baki.
4. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A nemi mota a kai shi asibiti nan take.
5. A tafi da kwalba ko katin abin da ya sha. Akwai allurar da ke karya ƙarfin kodin da danginsa, idan an isa da wuri.

AIKIN MUTANEN GARI

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dagaci, da masu unguwa, da limamai, da fastoci, su sa ido a kan masu sayar da ƙwaya a kemis, da tasha, da kasuwa, su kai rahoto ga hukuma. Mai gonar da ke ɗaukar 'yan ƙwadago kada ya yarda a sha ƙwaya a gonarsa don aiki ya yi sauri. Wanda ya tuba ya bari, a karɓe shi. A ba shi aiki, a yi ciniki da shi, a zauna da shi a sahu. Ranar 26 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya. Ɗaliban aji suna iya shirya taron faɗakarwa a ƙofar dagaci a wannan rana.

Allah ya shirya zuriya, ya ba marasa lafiya lafiya, amin.

KALMOMIN DA ZA A KOYI RUBUTAWA

ƙwaƙwalwa, kamuwa, kwazazzabo, jijjiga, numfashi, amintacce, gargaɗi, faɗakarwa.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa wanda ya kamu ba ya iya bari cikin sauƙi?
2. A kawo ƙa'idoji uku na yin magana da mai shaye-shaye.
3. Wane haɗari ke cikin barin giya kwatsam ga wanda ya daɗe yana sha?
4. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke mayar da mutum ga sha?
5. Me ya sa aure ba maganin shaye-shaye ba ne?
6. Me za a yi wa wanda ya sha ƙwaya ya suma? Me ba za a yi ba?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da garinsu, da nisansa, da kuɗin motar zuwa. Ya kwafi lambar wayar da ke cikin darasin nan a littafinsa. A kawo wa malamin aji a zama na gaba.